Ƙaiƙayin gaba bayan kwanciyar aure: yadda kandida ke kama namiji da abin da zai yi

Na yi shekaru ina tsayuwa a bayan kantar kemis, kuma akwai wani irin mai saye da nake ganewa tun daga bakin ƙofa. Yakan zo bayan sallar isha'i, ya tsaya gefe yana danna waya har sai matan da ke sayen maganin yara sun watse. Sai ya matso ya ce a ba shi farasitamol. Ana miƙa masa canji, sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, akwai maganin sanyi mai ƙarfi?"

Wani magidanci da ya yi mini wannan tambayar, na ce masa, "Alhaji, me kake gani?" Ya ce kan kaciyarsa ne ya yi ja, ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi in ya yi tsarki. Iyalinsa ma ta kwana biyu tana kukan ƙaiƙayi da farin ruwa. Ya riga ya sha kafso na kwana biyar, an yi masa allura biyu, abin sai gaba yake yi. Daga nan ya yi shiru, sannan ya fito da abin da ke cinsa a rai: "To amma Malam, ita a ina ta samo shi?"

Maganin da ya sha da zargin da ya ɗarsu a zuciyarsa duk tushensu ɗaya ne, wato kalmar "sanyi". Mun ɗauki cututtuka kusan goma da ba su da dangantaka da juna mun zuba su a buhu ɗaya mun sa masa wannan suna. Wasu daga cikinsu ta hanyar jima'i kaɗai ake ɗaukarsu. Wanda ya kama wannan bawan Allah ba ya cikinsu, ko da yake a shimfiɗa ya same shi.

Abin da ke kawo shi, da yadda yake ƙetarowa

Sunan ƙwayar kandida, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke rubutawa Candida albicans. Wani irin yis ne, dangin funfunar da ke fitowa a kan burodin da ya kwana uku. Bakteriya daban, kandida daban, kuma wannan bambancin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Ƙwayar tana zaune a jikin mutane masu ƙoshin lafiya: a baki, a hanji, a fata, da cikin gaban mace. Zamanta lafiya take yi saboda akwai bakteriya masu amfani da suka tare mata wuri, suna kuma riƙe tsamin gaban mace yadda ba za ta yaɗu ba. Ranar da wani abu ya rage waɗannan masu gadin, ko ya ƙara wa kandida abinci, sai ta hayayyafa ta zama ciwo. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne shan antibayotik, juna biyu, ciwon suga, magungunan da ke danne garkuwar jiki, da cutar ƙanjamau.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa mata uku cikin huɗu za su yi wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Yana kama budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba, yana kama mai takaba, yana kama wadda mijinta ya shekara a wata ƙasa. Shi ya sa likitoci ba sa lissafa shi cikin cututtukan jima'i. Amsar tambayar Alhaji ke nan: a jikinta yake tun asali, kamar yadda yake a bakinsa da hanjinsa shi ma.

Amma idan ya tashi a jikin mace, yawan ƙwayar a gabanta yakan ninka, kuma saduwa tana kwaso ta. Gogayya tana ɗan kuje fatar kan kaciya, kujewar da ido ba ya gani. Ruwan da ke ɗauke da ƙwayar ya zauna a wurin. In mutum ya juya ya yi barci bai wanke ba, cikin zafin ɗaki da gumi, ya haɗa mata duk abin da take so: ɗumi, danshi da ƙofar shiga. Ofishin lafiyar mata na gwamnatin Amurka ya ce kusan maza 15 cikin 100 ne ke samun ƙuraje masu ƙaiƙayi a mazakuta bayan sun sadu da mace mai ciwon ba tare da kwaroron roba ba. Sauran, jikinsu yakan kakkaɓe ƙwayar ba su ma san an yi ba.

Akwai wasu hanyoyin. Baki da hanji gidajen kandida ne, don haka wasa da baki ko kusantar dubura na iya kai ta inda ba ta da yawa a da, kuma hannu ma yana ɗauka. Namiji mai ciwon yana iya shafa wa mace, ko da yake hakan bai kai ɗaya ɓangaren yawa ba. Shi kuwa masai, wanda muka ɗora wa laifin kowane ƙaiƙayi har wasu na kiran abin cutar bayan gida, ba ta nan ake ɗaukar kandida ba.

Mu a ƙasar Hausa muna da wata kariya da wanzamai suka yi mana tun muna yara. Ciwon ya fi kama marasa kaciya nesa ba kusa ba, domin ƙarƙashin loɓa wuri ne mai danshi da ba ya shan iska. Wannan yana da wata ma'ana da zan dawo kanta: in mai kaciya ya kamu, musamman in abin ya maimaita, to akwai dalilin da ya kamata a tono.

Mataki na farko: ka duba da kyau, cikin haske

Yawancin maza ba sa dubawa. Suna jin ƙaiƙayi, su sosa ta cikin aljihu, su nufi kemis. Ka shiga banɗaki da rana ko ka kunna fitilar waya, ka wanke wurin da ruwa, ka bar shi ya bushe, sannan ka duba. Marar kaciya ya ja loɓar baya a hankali.

Kandida tana nuna kanta da jan fata a kan kaciya, wani lokaci da sheƙi kamar an shafa mai. Za ka iya ganin ƙananan jajayen ɗigo-ɗigo a warwatse, ko farin abu da ya manne, mai kama da dagargajajjen awara, wanda ya fi taruwa a kwarmin da ke bayan kan kaciya. Akwai ƙaiƙayi, akwai zafi in fitsari ko sabulu ya taɓa wurin, fatar tana iya tsattsagewa. A jikin masu ƙiba yakan sauka har matse-matsi da fatar maraina, ya yi ja jawur da 'yan ƙuraje a gefe-gefe.

Lokacin da abin ya fara ma yana da labari. Wasu mazan, minti kaɗan ko 'yan sa'o'i bayan saduwa suke jin wurin ya ɗau zafi ya yi ja, kafin kwana ɗaya ko biyu ya lafa da kansa, sai an sake saduwa ya dawo. Wannan galibi fata ce ke nuna ƙin ƙwayar da ke jikin matar, ƙwayar ba ta kafu a jikinsa ba. In aka yi wa matar magani, nasa ya wuce. Wanda ya kafu kuwa a hankali yake zuwa cikin 'yan kwanaki, kuma ba ya tafiya don an yi wanka.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, domin kuskure a nan yana da tsada. Idan mugunya ko wani ruwa na fitowa daga cikin ramin fitsari, fari ko ruwan ɗorawa, kana jin zafi daga ciki kamar ana zuba barkono in kana fitsari, wannan ya fi kama da gonoriya ko kilamidiya, ainihin ciwon sanyi ke nan da kakanninmu suka sani. Idan ƙuraje ne masu ruwa da suka fito a dunƙule, suka fashe suka bar gyambo mai zogi, wata cuta ce ta bairos da ake kira hapis. Idan gyambo ɗaya ne mai tauri, marar zafi sam, ka ji tsoron tunjere, kuma kada ɓacewarsa ta ruɗe ka, ciki yake komawa. Idan ƙaiƙayin ya fi tsananta da dare, akwai shi a tsakanin yatsu, yara ma suna susa, ƙazuwa ce. Duk waɗannan kirim ɗin kandida ba ya taɓa su. Asibiti za ka, a yi gwaji, kuma a yawancinsu dole a yi wa iyali magani tare da kai.

Haka nan in wannan ne karo na farko da ka ga irin haka, ko ka san a ranka ka kusanci wata a waje, ka bar ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa. Duban minti biyu ne. Abin da kake jin kunyar nunawa, ya ga irinsa ɗari.

Mataki na biyu: maganar da za a yi a ɗaki

Na sa wannan kafin magani da gangan. Na ga gidajen da ƙaiƙayin kwana bakwai ya jawo gabar wata uku. Miji na zargin mata, mata na cewa ai shi ya kwaso mata, in akwai kishiya kuwa an samu wadda za a jinginawa: "Tun da aka kawo wannan yarinyar ban sake lafiya ba."

Ka tambayi matarka cikin mutunci ko tana jin ƙaiƙayi, ko tana ganin farin ruwa mai kauri marar wari sosai, ko saduwa na yi mata zafi. Mata da yawa suna daurewa su yi shiru don kada a ce suna gudun miji, ko don kada a kira su ƙazamai. Ka tambaye ta ko ta sha antibayotik kwanan nan, ko tana zaton ciki. Sau da yawa a nan za ku ga bakin zaren: an ba ta magani saboda taifot ko haƙori mako biyu da suka wuce, ga sakamakon.

Mai mata fiye da ɗaya yana da ƙarin nauyi, domin shi ne gadar da ke tsakanin ɗakunan. Yana iya kwasar ƙwayar daga ɗakin uwargida ranar Litinin ya kai ɗakin amarya ranar Laraba. Ba lallai ta kamu ba, tunda jikin kowa da yadda yake karɓa, amma in yana da ciwon a fili bai kamata ya gwada sa'a ba. Kowacce a tambaye ta ita kaɗai, kuma ba sai ka ce mata wance ce ta fara ba. Wannan bayanin ba ya warkar da kowa, sai dai ya kunna wuta.

Mataki na uku: a ɗan dakata

A bar saduwa har sai ku duka kun warke, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Fatar da ta kumbura, gogayya na ƙara yayyaga ta, kuma kuna iya ta miƙa wa juna. Ga mai mata da yawa, rabon kwana yana nan yadda yake, ka je ɗakin mai girki ka kwana, malamai sun bayyana cewa kwanan ne ake rabawa.

Kwaroron roba yana rage yaɗuwar, amma akwai tarko: man da ke cikin kirim ɗin maganin da na maganin kandida da mata ke matsawa yana raunana robar har ta iya fashewa. Ma'auratan da suka dogara da shi wajen tazarar haihuwa su kiyaye wannan a kwanakin magani.

Mataki na huɗu: maganin da ya dace, da yadda ake shafa shi

Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ka iya dubawa da kanka. Na farko shi ne kirim na clotrimazole mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, wanda mutane da yawa suka sani da sunan Canesten, ko da yake akwai na wasu kamfanoni masu arha da ke aiki iri ɗaya. Madadinsa miconazole mai kashi 2 cikin 100. Wanda fatarsa ba ta karɓi waɗannan ba, akwai nystatin.

Ka wanke hannu. Ka wanke wurin da ruwan ɗumi zalla, ba sabulu. Ka tsane shi da tsumma mai tsabta ko tishu ta hanyar dannawa a hankali, kada ka goga. Ka jira ya bushe sarai, domin shafa kirim a kan jiƙaƙƙiyar fata ɓarnar magani ce. Sannan ka matso kaɗan, kamar ƙwayar wake, ka shafa siriri a duk inda ya yi ja har ka ɗan zarce gefensa, ka tabbata ya shiga kwarmin bayan kan kaciya. Marar kaciya ya shafa a ƙarƙashin loɓa, sannan ya mayar da ita mazauninta, kada ya bar ta a janye. Ka sake wanke hannu. Sau biyu a rana, safe da dare, kwana 7 zuwa 14.

Mu masu tsarki da ruwa sau da yawa a yini, sai an yi dabara. Na safe ka shafa bayan ka yi wanka ka gama uzurinka, na dare kuma bayan isha'i in za ka kwanta, don ya samu sa'o'i yana aiki. Bayan kowane tsarki da rana, ka tsane wurin kafin ka ja wando. Wannan 'yar al'adar kaɗai tana rage rabin wahalar.

Cikin kwana biyu ko uku ƙaiƙayin zai lafa, kuma a nan mafi yawan maza ke jefa kirim ɗin a aljihun mota su manta. Ƙwayar ba ta gama mutuwa ba. Ka cika aƙalla mako guda, ka ƙara 'yan kwanaki bayan fatar ta koma daidai.

In abin ya yi tsanani ko kirim ya gaza, likita kan ba da fluconazole na miligiram 150, ƙwaya ɗaya tak a sha sau ɗaya. Yana aiki, amma ba alewa ba ne. Yana karo da wasu magunguna: yana ƙara wa warfarin, maganin tsinka jini, ƙarfi, kuma in aka haɗa shi da glibenclamide na masu ciwon suga yana iya sa suga ya faɗi ƙasa warwas. Mai ciwon hanta, ko ƙoda, ko bugun zuciya, ya faɗa wa likita kafin ya sha. Na kuma ga masu shan ƙwaya ɗaya kullum har kwana goma a kan ra'ayin kansu, wai don ya fita gaba ɗaya. Hanta suke wahalarwa.

Abubuwan da ke mayar da hannun agogo baya

Na farkonsu antibayotik. Ampiclox, amoxicillin, ciprofloxacin, kafso ja da yalo, Flagyl, alluran da ake yi a bayan kanta, babu ɗayansu da ke kashe kandida. Abin da suke kashewa bakteriya ne, har da masu amfanin nan da ke danne ta. Mai kandida da ya sha su kamar manomi ne da ya kori karnukan gona don birai sun dame shi. Alhajin da na ba da labarinsa abin da ya faru da shi ke nan, kuma ya saya wa matarsa irin kafson, ita ma nata ya ƙaru.

Na biyu, kirim ɗin nan masu haɗi uku da suka cika kasuwa, waɗanda ake cewa suna maganin kowace cutar fata. Ka karanta kwalin. In ka ga betamethasone ko clobetasol, to akwai sinadarin sitiyarod mai ƙarfi a ciki. Yana kashe ƙaiƙayi cikin dare ɗaya, shi ya sa ake yabonsa, amma yana danne garkuwar fatar, yana sirantar da ita, fatar gaba kuwa dama siririya ce. Ana dainawa ciwon ya dawo da faɗi. Akwai lokacin da likita ke haɗa clotrimazole da hydrocortisone mai sauƙi na 'yan kwanaki in kumburin ya yi yawa, wannan daban ne, kuma shi zai yanke.

Na uku, ƙone wurin da sunan tsabta. Ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a bokitin wanka, sabulun magani, lemon tsami, alif, tafarnuwa, man goge baki, turare, duk na ji an gwada. Fata ce da ta riga ta ji rauni, waɗannan ƙuna suke ƙara mata. In kana son wani abu fiye da ruwa zalla, ɗan gishiri kaɗan a ruwan ɗumi ya isa. Jarkokin maganin sanyi da ake talla da lasifika a tasha kuwa, tambaya ɗaya nake yi wa mai saye: wanne daga cikin cututtukan goma yake kashewa?

Sai tufafi. Gajeren wando na roba mai matse jiki, a watan Afrilu, ga direba ko ɗan acaba da ke wuni a zaune, ɗakin renon kandida ne. Ka koma na auduga mai sakewa, ka canza kullum, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Tawul ɗinka naka ne kai kaɗai har ka warke. Da dare ka kwana da zane ko wando mai faɗi, wurin ya sha iska.

Mataki na biyar: ɓangaren uwargida

Idan tana da alamun, ita ma ta yi magani a lokaci ɗaya da kai: matsin clotrimazole, wanda ke zuwa na dare ɗaya, na dare uku ko na dare shida gwargwadon ƙarfinsa, ko ƙwayar fluconazole. Mai ciki, ko wadda ke zaton ciki, ba ta shan ƙwayar. Matsi ko kirim na kwana bakwai ake ba ta, kuma ta bi ta wurin awo. Farin ruwan mace ba duka ne kandida ba. Mai ƙarni kamar kifi, ko kore-kore mai kumfa, wasu cututtukan ne da maganinsu daban, kuma ɗaya daga cikinsu, tirikomonas, dole a haɗa da miji ko da ba ya jin komai. Shi ya sa ya fi kyau a ɗebi ruwan a auna.

Wanda ba shi da wata alama fa? Binciken da aka yi bai nuna cewa ba wa mijin da ba ya jin komai magani na hana ciwon dawo wa matar ba, don haka ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa mai alama kaɗai. Kishiyar da take lafiya ƙalau ba ta buƙatar shan komai don riga-kafi.

Akwai maganar da maza ba sa son a taɓo. Yawan matse-matsen kayan mata, da cusa zuma ko haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba, da wanke can ciki da sabulu mai ƙamshi, suna rikita tsarin da ke kare gaban mace. Da yawansu don faranta wa miji ake yi. In maigida ya buɗe baki ya ce ya yafe, ya taimaki kansa.

Macen da ciwon ke dawo mata sau uku ko fiye a shekara tana buƙatar likitan mata. Akwai tsarin shan magani mako-mako na wata shida, kuma akwai wasu nau'o'in kandida, irin su Candida glabrata, da ba sa jin fluconazole sosai, sai gwaji ya nuna.

Mataki na shida: in ya ƙi tafiya, ko ya dawo

Ka yi mako guda kana shafawa yadda ya kamata ba ka ga sauƙi ba, ko ya warke ya dawo cikin wata ɗaya ko biyu, to lokacin sayen wani kirim ya wuce. Abu na farko da za a auna shi ne suga. A ra'ayina, namiji mai kaciya da ya haura shekara 35, ko mai tumbi, ko wanda ake ciwon suga a gidansu, ya auna tun a karon farko.

Dalilin a fili yake. Idan sugan jini ya haura wajen 180 a ma'aunin mg/dL, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari. Kowane ɗigon da ya rage a kan kaciya ya zama ruwan zaƙi, yis kuwa da suga yake rayuwa, duk mai kwaɓa fanke ya san haka. Ga shi kuma yawan suga na raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Maza da dama ta wannan ƙaiƙayin aka fara gano suna da ciwon suga, kafin su lura da yawan ƙishirwa, da tashi fitsari sau huɗu da dare, da ramar da ba dalili. Gwajin ba wuya: ka je da safe ba ka ci komai ba tun dare, a ɗan huda yatsa. In ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, ko 7.0 a ma'aunin mmol/L, alamar ciwon suga ce, za a maimaita don a tabbatar. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sugan wata uku, wanda kashi 6.5 cikin 100 ne iyakarsa.

Wanda ya riga ya san yana da ciwon, ya duba magungunansa. Sababbin nan irin su dapagliflozin da empagliflozin aikinsu shi ne fitar da suga ta fitsari, don haka kandidar gaba na cikin sanannun illolinsu. Kada ka daina sha da kanka, suna kare zuciya da ƙoda. Ka gaya wa likitanka, kuma ka riƙa wankewa da tsanewa bayan kowane fitsari.

Na biyu gwajin ƙanjamau, musamman in akwai farin abu a harshe ko cikin kumatu, ko zafin haɗiya. Masu shan prednisolone ko dexamethasone na dogon lokaci, har da masu shan su don su yi ƙiba, su faɗa, domin suna danne garkuwar jiki. Likita na iya goge wurin da auduga a kai ɗakin gwaji. Jan tabo ko farin tabo da ya yi makonni ba ya jin magani, musamman a jikin dattijo marar kaciya, wani lokaci sai an yanki ɗan ƙaramin nama an duba, saboda akwai cututtukan fata da ke kwaikwayon kandida, kuma sankarar wurin, duk da ba ta da yawa, haka take farawa. Marar kaciyar da abin ke yawan dawo masa har loɓar ta fara tsukewa, akan ba shi shawarar a yi masa kaciya a asibiti.

Abu uku ba sa jiran gari ya waye: loɓar da aka ja baya ta maƙale ta ƙi dawowa kan na kumbura, kasa yin fitsari, da kumburi mai tsananin zafi da ke bazuwa zuwa maraina tare da zazzaɓi ko fatar na yin baƙi, musamman ga mai ciwon suga. Wannan na ƙarshen yana cin nama cikin sa'o'i.

Shi Alhajin nan, daren da ya zo na karɓe ragowar kafson da ke aljihunsa, na ba shi kirim, na ce uwargida ta je a duba ta, shi kuma ya biya ɗakin gwaji da safe kafin ya karya. Ya ɗan ɓata rai, ya ce shi ƙaiƙayi ya kawo ba suga ba. Bayan kwana huɗu ya dawo da takarda a ninke cikin hularsa. Sugan ya haura sosai, an riga an tura shi wurin likita. Ya ce ƙaiƙayin ya lafa, na ce ya ci gaba da shafawa har kwana goma. Ya juya zai fita, sai ya dawo ya jingina da kanta, ya ce, "Malam, shayin safe fa, ko cokali ɗaya ba za a sa ba?"